Yadda Na Raba Neman Hujja a Kan Cibiyoyi Takwas na Kwamfuta

Aikin da ya kai ni ga manhajojin kafa hujja, wato manhajojin kwamfuta da ke nemo hujjar da'awa da kansu daga ƙa'idojin da aka ba su, ba aikin lissafi tsantsa ba ne. An danƙa mini kundin dokokin da ke fayyace wanda yake da izinin buɗe kowace irin takarda a rumbun bayanan ma'aikatan wata hukuma, aka ce in bincika ko dokokin suna hana abin da masu su ke zaton suna hanawa. Mutane daban-daban ne suka rubuta su a shekaru daban-daban, kowa ya zo ya ɗora nasa a kan na baya, har ta kai babu mai iya riƙe su duka a ka. Malamin da ke duba aikina ya ba ni shawarar in mayar da su zuwa mandiƙin mataki na farko, wato harshen da ake faɗin "ga kowane abu" da "akwai wani abu" a cikinsa, tare da alaƙar da ke tsakanin abubuwa, kamar a ce wane shi ne shugaban sashe kaza, ko takarda kaza ta wane ce. Wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya karanta mandiƙi zai gane tushen abin, domin ƙiyasi ne mai muƙaddima da natija, sai dai an faɗaɗa shi ta yadda zai ɗauki alaƙar abu biyu ko uku a lokaci ɗaya.

Na shafe kusan wata biyu ina rubuta dokokin a tsarin TPTP, wanda shi ne harshen babban rumbun matsalolin gwaji da Geoff Sutcliffe da Christian Suttner suka fara tarawa a 1993, kuma kusan duk manhajojin wannan fanni suna karanta shi. Na ƙare da ƙa'idoji fiye da 300 da kuma da'awoyi 60 da nake so a tabbatar, irin su cewa ma'aikacin wucin gadi ba zai taɓa ganin takardar albashin wani ba. Na sauke manhajoji biyu, E ta Stephan Schulz daga Jamus, da Vampire wadda Andrei Voronkov da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Manchester ta Ingila, na ba kowace da'awa sakan 60. Wasu suka tabbata kafin in ɗauke hannu daga madanni. Da yawa kuwa suka cinye lokacinsu kaf ba amsa. Ina zaune ina jira sai na buɗe allon da ke nuna aikin farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai cibiyoyi takwas da kowace ke iya ɗaukar aikinta daban, na ga cibiya ɗaya ta cika ta batse, sauran bakwai suna zaman kashe wando. Daga ranar tambaya ɗaya ta hana ni sukuni, wato yadda za a yi in sa bakwai ɗin nan su ma su ɗauki kaya.

Dole in yi ɗan bayanin abin da manhajar ke yi a ciki, domin duk wahalar da na sha daga nan ta samo asali. Ba ta neman hujjar da'awa kai tsaye. Tana ƙaryata da'awar ne, ta haɗa ƙaryatawar da ƙa'idojin, sannan ta shiga neman tufka da warwara. Idan ta samu, to ƙaryatawar ba za ta yiwu ba ke nan, da'awa ta tabbata. Kafin ta fara, tana farfasa kowace magana zuwa ƙananan gaɓoɓi, tana kuma kawar da "akwai wani" ta hanyar raɗa wa wannan wanin suna, dabarar da ake jingina wa Thoralf Skolem na ƙasar Norway. Daga nan sai ta riƙa haɗa gaɓa biyu tana fitar da ta uku, bisa ƙa'idar da J. Alan Robinson ya wallafa a 1965, tare da faɗaɗawar da Leo Bachmair da Harald Ganzinger suka yi mata a farkon shekarun 1990 domin ta iya da alamar daidai. Gaɓoɓin suna zaune a tuli biyu, waɗanda aka riga aka sarrafa da waɗanda ke jiran layi. A kowane zagaye ana zaɓar guda ɗaya daga masu jira, a gwada ta da duk waɗanda aka sarrafa, 'ya'yan da aka samu su koma layin jira. Wannan zagaye ya shahara ne ta hanyar Otter, manhajar William McCune ta ɗakin bincike na Argonne a Amurka.

Tun a 1929 Kurt Gödel ya nuna cewa duk maganar da ta zama dole daga ƙa'idoji a wannan mandiƙi tana da hujja, saboda haka idan da'awa ta zama dole daga ƙa'idojin, mai haƙuri zai kai ga hujjarta wata rana. Amma a 1936 Alonzo Church da Alan Turing suka nuna cewa babu wata hanya ta gama-gari da za ta yanke hukunci a kan kowace da'awa, don haka idan da'awar ba ta tabbata ba, manhaja tana iya yin ta nema har abada. Shirun da na samu bayan sakan 60 bai gaya mini komai ba ke nan. Mai yiwuwa hujjar tana bayan sakan ɗaya ne, mai yiwuwa kuma babu ita sam.

Matakina na farko shi ne mafi sauƙi. Na yi amfani da GNU parallel, manhajar da ke sakin ayyuka da yawa tare, na saki da'awa takwas a lokaci guda, kowace a cibiyarta. Aikin awa ɗaya ya ragu sosai, amma ko da'awa ɗaya daga masu taurin kan ba ta motsa ba, har ma wasu biyu da suke tabbata daf da cikar lokaci suka daina. Da na bincika sai na gano cewa kwamfutata ta hannu tana nuna cibiya takwas ne kawai, alhali huɗu ne na gaskiya, kowace tana ɗaukar zare biyu, wato layin aiki biyu, ga kuma dukkansu suna rububin hanya ɗaya ta zuwa ma'adanar aiki, wato RAM. Manhajar kafa hujja kuwa ba ta da aikin da ya wuce tsalle daga wannan lungu na ma'adana zuwa wancan. Na koma kan wata babbar kwamfuta ta ɗakin gwaji mai cibiya takwas na gaskiya da RAM gigabait 16, na kuma fara rubuta lokaci iri biyu, na agogon bango da na farosesa, domin na lura suna iya rabuwa nesa.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi sa wa rai, kuma shi ya fi cinye mini lokaci. Tunanina na gayya ne: idan gona ta yi wa mutum ɗaya yawa, a kira mutum takwas, kowa ya kama kunyarsa. Ba ni da ƙarfin da zan shiga cikin E in sauya ta, don haka na raba daga waje. Dokokin sun ce kowane ma'aikaci ko dai na dindindin ne, ko na kwantiragi, ko na wucin gadi, sai na mayar da da'awa ɗaya ta zama uku, kowace da nata zaton game da ma'aikacin da ake magana a kansa, na ba cibiya uku. A mandiƙance rabon ya inganta, muddin duka ukun sun tabbata. A aikace kuwa an yi ba a yi ba. Da na duba abin da kowace cibiya ta haifar, sai na tarar kusan gaɓoɓi iri ɗaya ne, domin mafi yawan aikin bai shafi nau'in ma'aikacin ba, kowace ta sake yin sa daga farko ita kaɗai. Kashi biyu suka ƙare da wuri, na ukun ya tsaya daidai inda uwar da'awar ta tsaya.

Sai da na koma kan wani ƙaramin misali na aljabara na fahimci inda gizo ke saƙar. A ɗauki rukuni irin na lissafi wanda kowane abu a cikinsa idan aka ninka shi da kansa yana ba da e, wato abin da ba ya sauya komai. Ana so a nuna cewa ab daidai yake da ba. Da hannu layi uku ne: ab sau ab ya ba da e, a ninka da a ta hagu, sai a samu bab daidai da a, a sake ninkawa da b ta hagu, sai a samu ab daidai da ba. E tana gama wannan cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba, amma da na sa ta buga duk abin da take yi, sai na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Da zarar ta gano cewa x sau x sau y daidai yake da y, sai ta juya kan abin da ta tara, ta gajarta duk gaɓar da wannan ya shafa, ta zubar da waɗanda suka zama maimaici. Ƙarfin manhajar ba a yawan haihuwa yake ba, a wannan sharar yake. To idan aka raba tulin gida takwas, cibiyar da ta gano gajeriyar hanyar sai ta sanar da sauran bakwai nan take, in ba haka ba su ci gaba da noma ciyawar da aka riga aka cire. Idan kuma aka ce kowa ya tsaya ya saurari kowa a kowane zagaye, jiran ya cinye ribar. Gene Amdahl ya yi wannan lissafi tun 1967, cewa ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar saurin da za a samu, ko cibiya nawa aka zuba.

Na sami natsuwa da na karanta cewa manyan fannin sun bi ta wannan hanya tun kafin ni, kuma sun yi abin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. A Munich, Johann Schumann da Reinhold Letz sun gina PARTHEO a 1990, wadda ke raba rassan bincike ga ƙananan farosesa masu yawa. A Argonne, Ewing Lusk da McCune da John Slaney sun yi ROO, inda cibiyoyi da yawa ke sarrafa zaɓaɓɓun gaɓoɓi a kan ma'adana ɗaya, amma shigar da sababbi cikin tuli da sharar baya aka bar wa guda ɗaya a lokaci, kuma nan ne layi ke iya taruwa. Maria Paola Bonacina da Jieh Hsiang sun bi wata hanyar, suka ba kowace gaɓa mai ita, kowace kwamfuta tana aiki da nata kason tana watsa wa sauran abin da ta samu. Bonacina ta gina Peers-mcd a kan EQP, manhajar da McCune ya warware matsalar Robbins, wata tsohuwar matsalar aljabara, da ita a 1996 bayan kimanin kwana takwas tana nema, kuma a wasu sassan wannan matsala saurin da ta samu ya zarce yawan kwamfutocin da ta yi amfani da su. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, domin a gayya mutum biyu ba sa yin aikin mutum uku. Bayaninsa shi ne rabon ya sauya tsarin binciken kansa, wata kwamfuta ta faɗa kan gaɓar da ake buƙata da wuri, gaɓar da manhaja guda za ta daɗe ba ta kai kanta ba.

Na je wurin malamina da takarduna na ce, "Allah ya gafarta Malam, na raba aikin uku amma lokaci bai ragu ba." Ya duba ya ce, "Ka ɗauka noma kake yi, alhali nema kake yi. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Kada ka raba musu ruwan, ka sa kowa ya shiga ta gaɓar da ɗan'uwansa bai shiga ba." Wannan magana ita ta juya aikin gaba ɗaya.

Abin da yake nufi shi ne tseren dabaru. Kowace cibiya tana karɓar cikakkiyar da'awar, amma da saiti daban, wadda ta fara samun hujja ta ci, a kashe sauran. Saitin kuwa suna da yawa, kuma kowane yana sauya hanyar da bincike zai bi. Akwai ma'aunin da ake jera kalmomi da shi domin a san ta wane ɓangare za a karanta alamar daidai, wanda mafi shahararsa ya fito daga aikin Donald Knuth da Peter Bendix na 1970. Akwai yadda ake zaɓar gaɓa ta gaba, ko mafi gajarta ko mafi daɗewa a layi, da kuma sau nawa za a ɗauki wannan kafin a ɗauki waccan. Akwai dabarar da ke tilasta kowane mataki ya kasance yana da jini ɗaya da da'awar, wadda Larry Wos da abokansa suka kawo a 1965. Akwai tace ƙa'idoji tun kafin a fara, ta hanyar SInE ta Kryštof Hoder, wadda ke bin kalmomin da'awa tana ɗauko ƙa'idojin da suka shafe su kaɗai, abin da ya yi mini amfani ƙwarai domin yawancin da'awoyina ba sa buƙatar fiye da ƙa'ida goma daga cikin 300. A Vampire kuma akwai AVATAR, wadda Voronkov ya gabatar a 2014, mai yin irin rabon da na yi ƙoƙarin yi da hannu, amma a ciki, ba tare da maimaita aikin da rassan suka yi tarayya a kansa ba.

Abin da ya sa tseren ke biyan kuɗin sabulu shi ne wata ɗabi'a da na gani da idona sau da yawa. Dabara ko dai ta sami hujja cikin 'yan sakanni, ko kuma ta nutse a cikin 'ya'yan da ta haifa, ta yadda ƙara mata minti goma ba ya ƙara komai. Saboda haka ya fi riba a gwada dabaru da yawa a gajeren lokaci da a ba guda ɗaya dogon lokaci. Tanel Tammet na Estoniya ya nuna haka da manhajarsa Gandalf a CASC, gasar manhajojin kafa hujja wadda ake yi tun 1996, ta hanyar yanka lokacin cibiya ɗaya ga dabaru daban-daban, kuma yau Vampire da sababbin nau'o'in E duk suna da jadawalin da ke watsa dabaru a kan cibiyoyi da yawa. Lissafina ya zama haka: cibiya takwas sau sakan 60 ya ba da sakan 480, idan aka yanka shi sakan 15-15 za a sami gurbin dabara 32 a cikin minti ɗaya na agogon bango.

Na fara da jadawalin da manhajojin suka zo da shi, nan take wasu da'awoyi da suka ƙi motsi na makonni suka tabbata. Daga nan na so in gina nawa, wanda ya dace da irin matsalolina. Na zaɓi dabaru 40, na gwada kowace a kan da'awoyi 60 na sakan 60, wanda a mafi munin hali aikin awa 40 ne ga cibiya ɗaya, awa biyar ga takwas, kuma a nan ne rabon farko mai sauƙi ya yi ranarsa. Daren farko aka ɗauke wuta ana saura kaɗan, na wayi gari ba ni da komai, domin ƙaramar manhajar da na rubuta tana ajiye sakamako ne sai a ƙarshe. Na gyara ta ta riƙa rubuta kowane layi da zarar ya fito, ta kuma ci gaba daga inda ta tsaya. Dare na biyu wata dabara ta kumbura ta cinye ma'adana, kwamfuta ta koma kwashe kaya zuwa faifai, duk lokutan da aka auna a wannan tsakanin suka lalace, sai na ƙayyade wa kowace gigabait ɗaya da rabi. Na kuma tarar cewa idan aka kashe uwar aiki, 'ya'yanta sukan ci gaba da gudu a ɓoye suna satar cibiya, dole na koyi kashe su a rukuni ɗaya.

Da teburin ya cika, na zaɓi dabarar da ta warware mafi yawa, na cire da'awoyin da ta ci, na sake zaɓar wadda ta fi cin ragowar, haka har gurabe suka cika. Wani abin lura shi ne dabarun da suka zo na biyu da na uku a yawan ci ba su shiga jadawalin ba, domin abin da ta farko ta ci su ma shi suke ci, sai wasu raunana masu cin da'awa biyu ko uku da babu mai taɓa su suka sami gurbi. Na ware kashi ɗaya cikin uku na da'awoyin ban yi zaɓe da su ba, domin in auna jadawalin a kan abin da bai taɓa gani ba, tunda dokokin za su ci gaba da sauyawa bayan na tafi.

A cikin wannan zaɓe ne abin da ya fi girgiza ni ya faru. Wata dabara ta fito zakara da tazara mai nisa, tana cin kusan komai, kuma kusan a lokaci iri ɗaya, ko da'awar mai sauƙi ce ko mai wuya. Dabara ce da ba ta tace ƙa'idoji, ba ta kuma damu da kusanci da da'awa ba. Na yi murna na kwana ɗaya. Washegari daidaiton lokutan ya dame ni, na buɗe hujja ɗaya na bi ta daga ƙasa zuwa sama, sai jikina ya yi sanyi, domin da'awar ba ta fito a cikinta ko sau ɗaya ba. Ƙa'idoji biyar ne kawai a ciki. Kowane ma'aikaci yana da takardar kimanta aiki. Shugaban sashe yana iya ganin takardar kimantawar kowane ma'aikacin sashensa. Babu mai iya ganin takardar kimantawar kansa. Shugaban sashe ma'aikaci ne na sashensa. Akwai sashe mai shugaba. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai ga shugaban yana iya ganin takardarsa kuma ba ya iya gani. Ɗan Adam da ke karanta "kowane ma'aikaci" ya san ban da shi shugaban, ni kuwa na rubuta yadda na gani a takarda, kuma a wannan mandiƙi idan ƙa'idoji suka ci karo da juna, kowace magana tana tabbata, har da ƙarya. Ma'aunin SZS da manhajojin ke bayar da sakamako da shi yana da kalma ta musamman ga wannan hali, amma ƙaramar manhajata ba ta karanta wannan layin, cin karo kawai take nema ta rubuta nasara.

Sauran dabarun ba su ga wannan rami ba domin tacewa da bin da'awa sun kauce da su daga gare shi, kuma da dabara ɗaya nake amfani da ita, mai yiwuwa da na miƙa rahoto a kan tushen da ya tsage. Na ƙara sharaɗin "in ba shi kansa ba" a ƙa'ida ta biyu, na zubar da teburin gaba ɗaya, na sake awa biyar ɗin. Na kuma sauya rabon cibiyoyin. Shida suka ci gaba da neman hujja, biyu na ba masu neman akasinta, wato Mace4 ta McCune da sashen Vampire mai gina ƙananan duniyoyi, waɗanda ke ƙoƙarin ƙirƙiro 'yan mutane da sassa da takardu da za su cika dukkan ƙa'idoji amma su saɓa wa da'awa. Kafin kowane gwaji kuma sai an fara nemo duniya ɗaya da ta cika ƙa'idojin su kaɗai, domin samuwarta ita ce shaidar cewa ba su cin karo.

Cibiyoyin nan biyu sun biya ni fiye da yadda na zata. Akwai da'awar da ke cewa babu ma'aikacin da zai ga takardar kimantawar shugabansa, wadda ta cinye dabaru 40 ba amsa. Mace4 ta dawo cikin 'yan sakanni da duniya mai mutum biyu da sashe biyu, inda na farko ke shugabantar sashe ɗaya yana kuma ma'aikaci a ɗayan, na biyun kuma akasin haka, kowa shugaban ɗan'uwansa ne, kowa yana ganin takardar ɗan'uwansa. Babu inda dokokin suka ce mutum ba zai kasance a sashe biyu ba. Wannan ba kuskuren rubutuna ba ne, giɓi ne na gaske a kundin, kuma shi na fara sawa a rahotona.

Bayan abin da ya same ni ban ƙara yarda da kalmar nasara ita kaɗai ba. Kowace hujja sai na tabbatar da'awar tana cikinta, sannan in ɗauki matakanta ɗaya bayan ɗaya in ba wata manhajar daban ta sake tabbatar da su, hujjar E ga Vampire, ta Vampire ga E, kwatankwacin abin da GDV ta Sutcliffe ke yi. Wannan aiki yana rabuwa takwas lafiya lau domin babu matakin da ke jiran wani. Matakan raɗa suna na Skolem ne kawai na duba da ido, tunda ba natija ba ne kai tsaye, kiyaye yiwuwa kawai suke yi.

Da'awa uku suka rage, dukkansu a kan wakilci. Shugaba yana iya ba na ƙasa da shi izini, shi ma ya ba na ƙasa da shi, kuma ana so a tabbatar cewa duk tsawon sarƙar, izinin ba ya fita daga sashen. Na ba su dare guda cur a kan cibiya takwas, masu neman hujja ba su samu ba, masu neman akasi ma ba su samu ba. Na zauna da biro da takarda na yi yammaci guda kafin in ga dalili. Na bayyana sarƙa da cewa ko dai wakilci ne kai tsaye, ko kuma sarƙa ce da aka ƙara mata wakilci ɗaya, kuma wannan bayani yana barin ƙofa ga sarƙar da ke ta hawa sama ba ta taɓa isa ga wanda aka ce shi ne tushenta ba. Ba za ta iya zagayowa ta haɗu da kanta ba, domin na rubuta cewa wakilci daga sama yake zuwa ƙasa kuma babu wanda ke sama da kansa, saboda haka duniyar da za ta ƙaryata da'awar sai mai mutane marasa iyaka, wadda Mace4 ba za ta taɓa ginawa ba. Hujja kuma babu ita, tunda akwai waccan duniyar. Kowa ya san ma'aikatan hukuma suna da iyaka, amma mandiƙin mataki na farko ba shi da hanyar faɗin "masu iyaka" ba tare da an ambaci adadi ba.

Na raba kowace da'awa biyu da hannuna. Ta farko ta ce wakilci kai tsaye ba ya fita daga sashe. Ta biyu ta ce idan mutum biyu suna sashe ɗaya, na biyun ya wakilta na uku, to na ukun ma yana wannan sashe. Duka shidan suka tabbata a cibiyar farko kafin sauran su gama karanta fayil. Haɗa su zuwa sarƙa mai kowane irin tsawo kuwa na rubuta shi da kalmomi a shafi na ƙarshe na rahoton, na bayyana a fili cewa wannan mataki ɗaya ba manhaja ce ta tabbatar da shi ba, ni ne, sannan na kai wa Malam ya karanta ya sa hannu a gefensa.